Le Verrier da duniyar da ya gano da alƙalami: gwaninta ce ko sa'a?

Malamin Lissafi:
Assalamu alaikum, jama'ar zaure. Ranar Alhamis wani yaro ya tsayar da ni a aji, har yau abin bai bar raina ba. Na cika allo da x da y, sai ya ɗaga hannu daga kujerar baya, inda 'yan tsokana suke taruwa, ya ce, "Malam, tsakani da Allah, wannan abin wa ya taɓa amfana?" Aji ya kwashe da dariya. Na ajiye alli na ce to yau labari za mu yi.

Na ba su labarin Urbain Le Verrier, Bafaranshen nan masanin lissafi da taurari. A 1781 William Herschel ya gano duniyar Yuranus daga Ingila. Masana suka bi ta da dokar Newton, wadda ta ce duk abu mai nauyi yana jan ɗan'uwansa, suka tsara inda za ta kasance a kowace shekara. Alexis Bouvard ya fitar da jadawalinta a 1821. Sai Yuranus ta ƙi bin jadawali. Kafin 1845 tazarar da ke tsakanin inda lissafi ya ajiye ta da inda ake ganinta ta kai kamar kashi ɗaya cikin 15 na faɗin wata. A wurina da ku wannan ba komai ba ne, a wurin masu sana'ar kuwa abin kunya ne. Kuma ruwa ba ya tsami banza.

François Arago, shugaban cibiyar duba taurari ta Faris, ya ce wa Le Verrier ya duba lamarin. Wahalar aikin ita ce a baibai za a yi shi. An saba a san duniya, a san nauyinta, sannan a lissafa yadda take jan maƙwabciyarta. Nan kuwa jan kawai ake gani. Na ce wa yaran kamar ka ga igiya tana motsi ta saman katanga, a ce ka faɗi girman dabbar da ke ɗaure a bayan katangar da inda take tsaye, ba tare da ka leƙa ba.

Ranar 31 ga Agusta 1846 ya miƙa wa majalisar masana kimiyya ta Faransa amsarsa: ga inda za a duba. 'Yan ƙasarsa suka yi nawa. Ranar 18 ga Satumba ya rubuta wa masanin taurari Johann Galle a Balin ta Jamus, wasiƙa ta isa ranar 23. A daren nan Galle ya zauna a bakin madubin hangen nesa yana kiran taurari ɗaya bayan ɗaya, wani ɗalibi mai suna Heinrich d'Arrest yana riƙe da sabuwar taswirar taurari yana dubawa. Ba su cika awa guda ba d'Arrest ya ce wannan tauraron ba ya cikin taswira. Neftun ke nan. Bai kai digiri ɗaya ba tsakaninta da inda Le Verrier ya nuna, wato ƙasa da faɗin wata biyu.

Aji ya yi tsit, ni kuma ina jin kaina. Sai yaron nan ya sake ɗaga hannu: "Malam, ko dai sa'a ya yi?" Na ce a'a, aka buga ƙararrawa. Amma da na koma gida na ga ban ba shi hujja ba. To masana, ku fitar da ni.

Mai Shakka:
Wa alaikumus salam. Malam, ka yi haƙuri, yaron nan ya fi ka gaskiya, ka nemo shi ka ba shi kyauta. Ka ba su rabin labari ne. Le Verrier ya ce nisan duniyar daga rana ya kai ninki 36 na nisan tamu duniyar. Gaskiyarsa ninki 30 ne. Ya ce tana zagaye rana a shekara 217, ashe kusan 165 ne. Nauyin da ya ba ta kuma ya kusa ninka na gaskiya. Abu uku ya faɗa, duka ukun ya kuskure. Tun a lokacin Benjamin Peirce na Harvard a Amurka ya ce dace ne kawai aka yi. Kai malami ne: in ɗalibi ya ɓata matakai uku sannan amsar ƙarshe ta fito daidai, me za ka ce? Ba satar amsa za ka zarga ba?

'Yar Fiziks:
Yaya Mai Shakka, lambobinka daidai ne, hukuncinka ne ban yarda da shi ba. Ka tambayi kanka me Yuranus za ta iya gaya wa mai lissafi. Ita tana zagaye rana a shekara 84, Neftun a kusan 165. Jan da ke tsakaninsu yana ƙarfi ne kawai in sun kusanci juna, kuma sun yi wannan kusantar ne wajejen 1821. Kafin nan Neftun tana gaba tana jan Yuranus, sai ta yi sauri. Bayan ta wuce ta sai jan ya koma ta baya, ta rage gudu. Wannan ɗan tsakanin na 'yan shekaru gommai shi ne duk shaidar da ke hannunsa. Shaidar tana nuna ta wane gefe mai jan yake a waɗannan shekarun, ba ta nuna cikakkiyar hanyarsa ta shekara ɗari da sittin da biyar ba.

Kuskuren nisa kuma daga dokar Bode ya samo shi, wani jerin lambobi da ya dace da nisan sauran duniyoyi har aka amince da shi, ya ce ta takwas za ta kasance wajen ninki 38. Daga can ya fara. Da ya kai ta nesa, lissafi ya tilasta masa ya ƙara mata nauyi don jan ya yi daidai, ya kuma lanƙwasa hanyarta yadda a 1846 ta matso zuwa kusan ninki 33. Kuskuren biyu sun ci juna ne saboda shaida ce take matsa su, ba don ya rufe ido ya jefa ba. Sama digiri 360 ce, ya nuna guda ɗaya.

Mai Shakka:
To ƙanwata, da a 1900 aka bi lissafinsa fa?

'Yar Fiziks:
Da ba a same ta a wurin ba, wannan kam na ba ka. Amma ai ba a 1900 ya ce a duba ba. Sa'ar da na yarda ya yi ita ce ta zamani: ya yi aikinsa a lokacin da duniyoyin biyu ba su daɗe da giftawa juna ba. Wannan sa'ar kowane masani na zamaninsa ya same ta, mutum nawa suka yi amfani da ita?

Ɗan Damagaram:
Salama gare ku ƴan'uwa. Kafin a yi nisa, sunan mutumen ba "Bariya" ba ne kamar yadda nake jin wasu na faɗi, kusan "Lö Veriye" ake cewa, ba a furta r ɗin ƙarshe. Mu nan Nijar da muka yi karatu da Faransanci mun ci karo da shi tun muna lise, wato makarantar sakandare. Maganar Arago ce malaminmu ya sa muka hardace, cewa Le Verrier ya ga sabon tauraron "au bout de sa plume", wato a bakin alƙalaminsa, ba tare da ya ɗaga kai ya dubi sama ko sau ɗaya ba.

Abin da ke ba ni sha'awa shi ne ba da taurari ya fara ba. An haife shi ranar 11 ga Maris 1811 a Saint-Lô, wani ƙaramin gari a Normandi. Ya shiga babbar makarantar École Polytechnique a Faris, da ya gama ya kama aiki a hukumar taba ta gwamnati, yana binciken sinadarai a ƙarƙashin masanin sinadarai Gay-Lussac. Sai 1837 gurbin koyar da ilmin taurari ya samu a makarantar tasa, ya karɓa. Shekara tara bayan nan ya gano Neftun. Ingilawa kuma suka taso da ihu bayan hari, wai su ma nasu ya sani.

Injiniya:
Ɗan Damagaram, a yi wa mutum adalci ko da ba yarensa ka karanta ba. John Couch Adams na Kambirij tun 1843 yake kan wannan lissafi, kafin Le Verrier ya taɓa shi. A Oktoban 1845 ya je gidan George Airy, babban masanin taurari na masarautar Ingila, a Greenwich, bai samu ganinsa ba, ya bar masa takarda. Daga ƙarshen Yulin 1846 masanin taurari James Challis yana neman duniyar da madubi a Kambirij, kuma a Agusta ya rubuta ta a littafinsa sau biyu yana zaton tauraro ne. Ya zauna yana gwada abin da ya gani a dare biyu, ya tsaya a tauraro na 39 da ya ga hanyar tana aiki. Neftun ita ce ta 49. Da ya ƙara goma da wani labarin muke yi yau.

Ɗan Damagaram:
"Da" ai ba ta gina gida, Injiniya. Airy ya rubuta wa Adams tambaya a Nuwamban 1845, Adams bai ba shi amsa ba. Bai buga komai a fili ba. Le Verrier kuwa sau uku yana tsayawa gaban jama'a, Nuwamba 1845, Yuni 1846, Agusta 1846, ya sa sunansa a kan lamba yadda in ta faɗi shi za a yi wa dariya. Kuma binciken Challis ɗin ma bai tashi ba sai da Airy ya ga takardar Le Verrier ta Yuni. Shi ya sa jaridun Faransa suka zana Adams yana leƙen littafin Le Verrier da madubi.

'Yar Fiziks:
Akwai wani abin dariya a nan. Fayil ɗin wasiƙun Neftun na Greenwich ya ɓace shekaru da dama, masu tarihi suna nema ana ce musu babu. Sai bayan rasuwar masanin taurari Olin Eggen a 1998 aka same shi cikin kayansa a ƙasar Cile. Da aka karanta, aka ga Adams ya yi ta sauya wurin da yake nunawa, har tazarar ta yi faɗi. Tun daga nan masu tarihi da yawa suka karkata ga Le Verrier. Shi kansa Adams, mutum ne mai kunya, a rubuce ya amince cewa aikin Le Verrier ne ya kai ga ganowar. Sun haɗu a Oxford a 1847 suka zama abokai, magoya baya ne suka ci gaba da faɗa. A 1876 ma Adams ne shugaban ƙungiyar masana taurari ta Ingila lokacin da ta ba Le Verrier lambar zinare.

Injiniya:
Na ji. Ni dai d'Arrest nake tausayi. Shi ya kawo shawarar a ɗauko taswirar da Carl Bremiker ya zana, shi ya ce tauraron ba ya ciki, yana ɗan shekara 24, amma ka ji ana ambatonsa? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Zoben ƙura guda biyar da ke kewaye da Neftun, an sa musu sunayen Galle, Le Verrier, Lassell, Arago, Adams. Ina nasa?

Baba Mai Ritaya:
Yarana, ina bin ku a hankali, idon ne ba ya son ƙananan rubutu. Duk kun yi maganar kansa, ba wanda ya yi maganar halinsa. Ni a shekaruna in an yabi mutum sai in tambayi waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa. Shi wannan yaya yake da na ƙasa da shi?

Ɗan Damagaram:
Baba, ranka ya daɗe, ka taɓo inda ke ciwo, kuma ko ni mai kare shi ba ni da bakin magana. Galle ɗin nan ya aika masa da kundin digirinsa kusan shekara guda kafin nan, bai ko ce ya gani ba. Sai da ya buƙaci madubin Balin ya tuna da godiya, a wasiƙa ɗaya da roƙon. Bayan an gano duniyar, Le Verrier ne ya fara kawo sunan Neftun, daga baya ya canza ra'ayi yana so a kira ta "Le Verrier", Arago yana goya masa baya, har aka koma kiran Yuranus "Herschel" a littattafan Faransa don abin ya yi kama da al'ada. Sauran ƙasashe suka ƙi.

Arago ya rasu a 1853, aka ba Le Verrier cibiyar Faris a 1854. Yana da kusanci da gwamnatin sarkin Faransa Napoleon na Uku, sanata ne tun 1852, ba mai taka masa burki. Ma'aikata gommai suka bar wurin, wasu korarsu ya yi, wasu gudu suka yi. Camille Flammarion, wanda daga baya ya yi suna wajen rubuta ilmin taurari don talakawa, yana cikin waɗanda suka fita. A farkon 1870 manyan masanan cibiyar suka ajiye aiki tare, gwamnati ta sauke shi ta naɗa abokin gabarsa Charles Delaunay. A 1872 jirgin ruwa ya kife da Delaunay kusa da Cherbourg ya rasu, a 1873 aka dawo da Le Verrier, amma da majalisa a kansa tana sa masa ido.

Baba Mai Ritaya:
Allahu akbar. Na san irinsa. Na yi shekara shida ƙarƙashin wani shugaba a wata ma'aikata, ba zan kama suna ba, ya riga mu gidan gaskiya. In ka kai masa lissafin wata, ba ya ɗaga kai ya dube ka. Zai bi layi da bakin jan biro, tsit, sai ka ji biron ya tsaya. Wallahi ko sisin kwabo ne sai ya gano shi. Ya zagaye wurin, ya turo maka fayil ɗin da bayan hannu, ka tsince shi a ƙasa. Ban taɓa kama shi da kuskure ba, kuma ranar da aka yi masa canji har shinkafa aka dafa a ofis. Abin da na lura da shi, irin waɗannan mutane ranar da za su yi kuskure babu wanda ya rage kusa da su da zai ce musu "ranka ya daɗe, a sake dubawa".

Mai Shakka:
Baba, kamar ka san inda zan je. Ku ba ni wuri in kawo Vulcan.

A 1859 Le Verrier ya sanar cewa Makyuri, duniyar da ta fi kusa da rana, ita ma tana da nata taurin kan. Ya ce to, abin da ya faru da Yuranus ne, akwai wani abu tsakaninta da rana yana jan ta. Sai ga wasiƙa daga wani likitan ƙauye, Edmond Lescarbault, a garin Orgères, cewa ranar 26 ga Maris 1859 ya ga wani baƙin ɗigo yana ratsa fuskar rana. Wata tara ya yi shiru kafin ya rubuto. Le Verrier ya hau jirgin ƙasa ya dira gidan mutumin ba sanarwa, ya tsare shi da tambayoyi kamar ɗan sanda. Ina agogonka? Likita ya fito da tsohon agogo da ba ya nuna sakan, ya ce sakan da lilo yake ƙirga shi, ɗan dunƙule a zaren siliki. Ina lissafinka? Ya nuna masa allunan katako da yake rubutu a kai, in sun cika ya kankare. Duk da haka babban masani ya gamsu. A farkon Janairun 1860 ya sanar da sabuwar duniya, Vulcan, wai tana zagaye rana a kwana 19 da awa 17. Aka ba likita lambar girma ta ƙasa.

Emmanuel Liais, wani Bafaranshe da ke Burazil, ya ce shi ma yana kallon rana a daidai wannan lokaci da madubin da ya fi na likitan ƙarfi, bai ga komai ba. Ba a saurare shi ba. Le Verrier ya ce a jira ta ranar 22 ga Maris 1877 za ta ratsa rana. Aka jira, shiru. Ya rasu a shekarar yana kan bakansa. Babu Vulcan, ba a taɓa yin ta ba. Mutum ɗaya, alƙalami ɗaya, hanya ɗaya: sau ɗaya ta ci, sau ɗaya ta faɗi. In wannan ba kamar jefa kwabo ba ne, mene ne?

Almajirin Falaki:
Gafara dai malamai. Makyurin nan da kuke faɗa, a littattafanmu na zaure Uɗarid ne. Biyar ne masu tafiya da ido ke gani: Uɗarid, Zuhra, Mirrikh, Mushtari, Zuhal. Zuhra ita ce Zara matar wata da kowa ya sani. Ina so kuma a bambance wa yara, abin da mutumin nan ya yi hisabi ne, lissafin tafiyar taurari, ba duba ba ne. Ni abin da na tsinta a labarin: a Neftun hisabi ya nuna wuri, ido ya tabbatar, washegari aka sake dubawa aka ga ta gusa, sannan kowa mai madubi ya gani. A Vulcan shaidar mutum ɗaya aka karɓa, ga wani yana cewa ni ma ina wurin ban gani ba.

Injiniya:
Malam, ka ga ke nan batun ganin watan azumi, hisabi ko ido...

Mai Kula da Zaure:
Injiniya, tsaya nan. Bara wannan batun sai da muka rufe zaure kwana biyu. A koma kan Bafaranshe.

'Yar Fiziks:
Yaya Mai Shakka, yanzu ka kawo ni inda nake so. Ka haɗa abu biyu ka kira su ɗaya: abin da ya auna, da fassarar da ya yi masa.

Ga abin da ya auna. Hanyar Uɗarid (Malam, na karɓi sunan) ba da'ira ba ce, kamar ƙwai take, kuma wurin da take fi kusantar rana yana ɗan gusawa gaba a kowane zagaye. Jan sauran duniyoyi ya bayyana mafi yawan wannan gusawar, sama da sakan 500 a shekara ɗari. Sakan a nan ba na agogo ba ne: a raba digiri ɗaya gida 60, a sake raba kowane gida 60. Le Verrier ya tattara bayanan ratsawar Uɗarid ta gaban rana na fiye da ƙarni guda, ya cire jan kowace duniya da hannu, ya ce akwai ragowar sakan 38 a shekara ɗari da ba su da uba. A 1882 Simon Newcomb a Amurka ya gyara lambar zuwa 43. Ku auna ƙanƙantar abin: kamar kashi ɗaya cikin 40 na faɗin wata, a shekara ɗari. Wani zai ce kuskuren awo ne ya share. Shi ya ce a'a, akwai magana.

Kuma akwai maganar. A Nuwamban 1915 Albert Einstein a Balin ya gwada sabon ra'ayinsa, cewa nauyin rana yana lanƙwasa sarari da lokaci a kewayenta, a kan Uɗarid. Lissafi ya fitar da 43, ba tare da an ƙirƙiro wata duniya ba. Ashe dokar Newton ce take ɗan kaucewa kusa da rana. A ganina wannan ragowar ta fi Neftun girma a aikinsa. Neftun ko ba shi wani zai gan ta: Galileo ya zana ta kusa da Mushtari a 1612 da 1613 yana zaton tauraro ce, an kuma rubuta ta a Faris a 1795. Amma tsagar da ke jikin dokar Newton sai mai jan biro irin na ogan Baba.

Mai Shakka:
Kin iya lauya. Amma fassarar dai ya kuskure, kuma girman kai ne ya sa.

'Yar Fiziks:
Karɓar shaidar likita da watsi da Liais, wannan na yarda akwai son zuciya, yana so a sake yi masa tafi. Amma neman ɓoyayyar duniya ba wauta ba ce a 1859. Doka ta yi shekara kusan 170 ba ta faɗi ba, shi da kansa ya ba ta babbar nasararta, kana so ya ce ita ce mai laifi? Lokacin rikicin Yuranus ma akwai waɗanda suka ce wataƙila dokar Newton ce take rauni a nesa. Su suka faɗi a wancan karon. A Uɗarid da sun ci. Daga cikin matsalar ba ka da yadda za ka san wacce kake ciki.

Kuma har gobe muna nan. Percival Lowell, wani masanin taurari a Amurka, ya bi wannan hanyar yana neman wata duniya bayan Neftun, aka gano Fuluto a 1930, daga baya aka ga ta yi ƙanƙanta da ta ja kowa. Da kumbon Voyager 2 ya wuce Neftun a Agustan 1989 aka gyara nauyinta, sai ragowar matsalar Yuranus ta ɓace. Wannan ita ce sa'a tsagwaronta, in sa'a kake nema. Yau kuma taurarin da ke gefen manyan tarin taurari suna gudu fiye da yadda lissafi ya ce. Mafi yawan masana sun ce akwai wani abu mai nauyi da ba a gani, kaɗan sun ce dokar ce ke son gyara. Neftun ce ko Vulcan? Ana nan ana ja.

Manomin Zamani:
Ni duk wannan sama ta yi mini nisa, amma akwai inda mutumin ya taɓo ni. Ranar 14 ga Nuwamba 1854, ana yaƙin Kirimiya, guguwa ta afka wa jiragen ruwan Faransa da Ingila a Baƙin Teku, Faransa ta rasa babban jirginta Henri IV. Ministan yaƙi ya ce Le Verrier ya bincika. Ya rubuta wa masu lura da yanayi a faɗin Turai su aiko masa da abin da suka gani a waɗannan kwanaki, ya jera amsoshin, sai ga guguwar tana tafiya daga yamma zuwa gabas kwana bayan kwana. Ma'ana da an buga waya da ta riga ta isa. A 1855 ya kai wa Napoleon na Uku shawarar a haɗa tashoshi da wayar tangaraho, kafin ƙarshen 1863 cibiyar Faris tana fitar da taswirar yanayi kullum. Ba shi kaɗai ya fara wannan a duniya ba, amma yana sahun gaba. Duk sanda na ji hasashen damina a rediyo kafin in yi shuka, akwai ɗan hannunsa a ciki.

Baba Mai Ritaya:
To ka ji. Mugun oga, aikin kirki. Yaushe ya rasu ne?

Ɗan Damagaram:
Ranar 23 ga Satumba 1877, Baba, a Faris. Shekara 31 cif daga daren da Galle ya ga Neftun, rana ɗaya wata ɗaya. Ya ƙarasa rayuwarsa yana sake lissafa jadawalin duniyoyi takwas ɗin gaba ɗaya, aikin da ya ci masa shekaru kusan talatin. Kabarinsa yana maƙabartar Montparnasse da dunƙulen taswirar sama a kai, sunansa kuma yana cikin 72 da aka rubuta a jikin hasumiyar Eiffel. Galle kuwa sai 1910 ya rasu yana da shekara 98. Ita Neftun sai a Yulin 2011 ta gama zagaye ɗaya tun ganinta.

Uwar Biyu:
Don Allah ana iya ganinta da ido? Yarana sun dame ni tun jiya.

Almajirin Falaki:
A'a Hajiya, ido ba ya kai mata, nisanta daga rana kusan kilomita biliyan huɗu da rabi ne. Sai da madubi, kuma ɗan ɗigo za a gani. Ki fara nuna musu Zara da Mushtari, waɗannan ba sa ɓuya.

Malamin Lissafi:
Jama'a na gode, Allah ya ƙara sani. Yau Litinin na koma ajin na ba su sauran labarin, har da likita da allunansa, har da Einstein. Sannan na ba su aiki: in hanyar Uɗarid tana gusawa sakan 43 a shekara ɗari, shekara nawa wannan ragowar kaɗai za ta ɗauka kafin ta kewaye digiri 360? Mutumin nawa na kujerar baya ya ari biro a wurin maƙwabcinsa, ya buga 360 sau 3,600 ya sami 1,296,000, ya raba da 43, ya ninka da ɗari. Shi ya fara kawo takarda: shekara miliyan uku da 'yan kai.

Mai Shakka:
Malam, ka dai duba takardar maƙwabcin nasa tukuna.